Amanar Hawainiya a Hannun Sista

Shekara talatin da biyu Sista ta yi a ɗakin jarirai na asibiti, kuma har ta yi ritaya ba a taɓa cewa hannunta ya yi wa ɗan wani nauyi ba. Bakwaini za a kawo, ɗan mitsitsi, sauran ma'aikata na jin tsoron juya shi, ita kuwa ta zura tafin hannu ɗaya a ƙarƙashinsa ta ɗago shi ko motsi bai yi ba. In wuta ta ɗauke, kwalaben da ake sa jariran suka fara hucewa, ba ta tsayawa jiran a tayar da inji. Sai ta ɓalle maɓallan rigarta, ta manna yaro a ƙirji, ta lulluɓe da tawul, ta daka wa iyayen tsawa su ma su yi haka. Da yawa cikin waɗanda ta ɗumama a ƙirjin nan yanzu magidanta ne masu gemu, suna tare ta a hanya suna gaishe ta, ita ko gane su ba ta yi. Abin da ta iya a duniya ke nan. Duk abin da ya yi sanyi ya yi shiru, a wurinta magani ɗaya ne, a ɗauka a rungume.

Sunan aikin ya bi ta har gida, kowa a layin Sista yake ce mata. Tun rasuwar maigidanta take zaune ita kaɗai a hawa na biyu na wani tsohon bene, ɗaki biyu da falo, a ƙasa kuma shagon wani tela ne mai surutun tsiya. 'Ya'yanta maza biyu suna nesa da iyalansu, sai dai waya. Mace ɗaya gare ta, Auta, kuma a kan Autar nan ne gwanintar Sista ta zama masifa.

An haifi Auta da ciwon asma. Ciwon ya lafa tun tana 'yar shekara goma sha biyu, amma a idon uwarta bai taɓa lafawa ba. Yarinya ta gama jami'a, ta kama aiki, tana da shekara ashirin da takwas, amma ba ta isa ta wuce ƙofa ba sai an taɓa mata goshi, an gyara mata wuyan riga, an cusa mata rigar sanyi a jaka ana tsakiyar zafi. Duk wannan Auta ta shanye. Abin da ta kasa shanyewa shi ne ranar da kamfaninsu ya zaɓe ta za a tura ta babban reshensu a wani gari, da ƙarin girma, Sista ta yafa mayafi ba ta gaya wa kowa ba, ta je ofis ta sami ogan, ta zauna ta zayyana masa yadda ƙirjin 'yarta yake, har da tsofaffin takardun asibiti. Ogan ya yi godiya, ya ba wani gurbin. Da Auta ta ji, ba ta ɗaga murya ba. Kayanta ta haɗa, ta cire makullin gidan daga cikin nata, ta rataye shi a ƙusar bayan ƙofa, ta kama ɗaki a can wani gefen gari. Shekara uku makullin nan yana rataye. Tana kira duk ƙarshen mako, gaisuwa ce ta minti biyu, kin tashi lafiya, lafiya lau, sai anjima.

Don haka ranar da Sista ta ji ana jan wani abu a matakala, ta leƙa ta ga Auta da direban tasi suna kokawa da wani dogon keji na raga mai bishiya a ciki, da sauri ta wangale musu ƙofa.

Kwas aka tura Auta, na mako shida. Ƙawar da za ta riƙe mata dabbar ta haihu, ba ta da wanda za ta ba. Ta faɗi wannan a tsaye, tana kallon kejin ba uwarta ba. Sista ta duba ta duba ba ta ga komai ba sai ganye, can sai wani ganye ya juya ido ɗaya ya kalle ta. Hawainiya ce, koriya shar, ta naɗe jela a reshe. Sista ta ja da baya tana salati, ta ce duk dabbobin duniya ta rasa abin kiwo sai wannan. Auta ta ɗan yi murmushi, na farko a gidan cikin shekara uku, ta ce sunanta Madam, saboda tafiyarta ta ƙasaita da yadda take kallon mutane a wulaƙance. Shekara biyu suna tare. Ta ce Madam ce kaɗai ke jiran ta in ta dawo daga aiki, kuma ba ta tambayar ta komai.

Auta da kanta ta zaɓi wuri. Ta ɗora kejin a kan tebur a kusurwar falo, nesa da ƙofa, ta ce hawainiya tana son ta ga tana sama da mutane. Ta saita fitila a samansa, a kunna da safe a kashe da yamma. Ta nuna mata kwalbar feshi, a jiƙa ganyen sau biyu a rana, don ba ta shan ruwa a kwano, lasa take daga ganye. Ta ajiye roba cike da gyare, a jefa mata biyar a bar wurin. Sannan ta manna takarda a bango, rubutun hannunta, layi tara. Na ƙarshen ta ja masa layi biyu a ƙasa, ta kuma karanta shi da baki.

"Mama, kada ki ɗauke ta. Ba ta son hannu. In ta yi baƙi ko ta buɗe baki, tsoro take ji, ki matsa kawai. In ya zama dole, ki shimfiɗa tafin hannunki a ƙasa da ita ki jira. In ta ga dama ta hau, in ba ta hau ba ki ƙyale ta."

Sista ta ce haba, ita da ta riƙe jarirai dubu nawa.

"Shi ya sa nake faɗa miki," in ji Auta.

Da za ta fita ta tsaya a bayan ƙofa, ta ɗan jima, sai ta miƙa hannu ta zare makullin daga ƙusa. Ta ce ko da ta dawo uwar ba ta nan. Ta ƙara da cewa ana gyaran famfo a gidan da take haya, wataƙila in ta dawo ta yi kwana biyu a nan kafin ta koma. Sista ta so ta rungume ta, ta daure, ta tsaya a gyara mata wuyan riga kawai. Bayan tasi ta tafi ta zauna tana kallon ƙusar nan da ba komai a jikinta, tana kuka tana dariya. Ta san lissafin sarai. In Madam ta kai mako shida lafiya, 'yarta za ta kwana a ɗakinta na da. In ba ta kai ba, ita ma ta san sauran.

Kwana huɗu ta bi takardar nan kamar umarnin babban likita. Sai dai tun washegari Madam ta daina zama koriya. Ta yi duhu, ta koma can bayan ganye ta lafe. Duk wanda ya san dabbar zai ce baƙunta ce, an canza mata wuri, a ba ta mako guda ta saba. Sista ba ta san dabbar ba, jarirai ta sani, kuma a ɗakin jarirai yaron da launinsa ya canza ba a ba shi mako guda, ko minti guda ba a ba shi. Ta riƙa zarya, ta leƙa ta nan, ta leƙa ta can, ta manna fuska a raga tana mata magana. Tela da ya hawo karɓar labulen da zai rage wa tsawo ya same ta a haka, ya kwashe da dariya, ya ce ashe Sista an yi jika ba a gaya musu ba. Daga ranar in ta sauko sai ya ɗaga kai daga keke ya ce yaya jikar tamu, ta fara zama?

Rana ta biyar Sista ta ce taɓawa kawai za ta yi, taɓawa ai ba ɗauka ba ce. Ta buɗe ƙofar kejin ta kai bayan yatsa gefen cikin dabbar. Sanyi ƙalau! Wannan sanyin ta san shi, ta sha jin sa a jikin yaran da aka kawo a makare. Ba ta yi shawara da kowa ba, hannun ne ya yi aikinsa. Ta damƙo ta ta baya, ta ɓamɓare ƙafafun daga reshe ɗaya bayan ɗaya, dabbar na buɗe baki tana huci, ita kuma tana cewa yi haƙuri, yi haƙuri, ai duk haka kuke yi. Ta kwantar da ita a ƙirji ta rufa tawul.

Abin da ya ƙarasa ruɗa ta kuwa, Allah sarki, shi ne Madam ta kama yatsanta. 'Yan ƙafafun nan suka naɗe yatsan suka riƙe gam, daidai yadda jariri ke yi. Can kuma ta daina huci, ta rufe ido. Sista ta ji wani abu ya narke mata a zuciya. Ta ce ka ga, Auta yarinya ce, me ta sani? Babu mai rai da ba ya son ɗumi. Ina za ta san cewa hawainiya kome ta samu kamawa take don kada ta faɗi, kuma in ta rufe ido da rana tsaka ba daɗi take ji ba, ƙarfinta ne ya ƙare?

Daga nan fa aiki ya samu. Safe da yamma sai an yi awa guda a ƙirji. Ta ga falo akwai iska, ta kira Tela suka kinkimi kejin zuwa ɗakin kwananta, suka ajiye a ƙasa gefen gado, daura da madubin sif, inda dabbar ke wuni tana ganin wata hawainiya tana hararar ta. Ta rufe ragar da bargo ta gefe uku. Ta ɗauko tsohon littafinta tana rubuta awa da abin da aka ci, kamar a bakin aiki. A mako na biyu gyare biyu, a na uku ɗaya, daga nan shafin ya zama babu, babu, babu. Gyaren suka riƙa yawo a kejin suna kuka, har suna hawa kan Madam ba ta ko kalle su ba.

Auta kuwa yanzu kullum sai ta kira, kuma ba minti biyu ba. Ta tambayi Madam, daga nan hira ta zarce, abincin wurin ba daɗi, malaminsu ɗaya yana barci a aji. Rabon Sista da jin 'yarta tana ba ta labari har ta manta. To da wane bakin za ta ce dabbar ta daina ci? Sai ta ce lafiya lau. Da Auta ta ce a turo hoto, ta ce wayar ce ta lalace, ba ta ɗauka. Sau ɗaya Auta ta tambaya kai tsaye ko dai ba ta taɓa ta, Sista ta ce ina, takarda tana nan a bango. Takardar kam tana nan a bango, a falo, inda babu keji.

Da ido ya fara faɗawa ciki, fata ta yi yaushi, sai ta tuna da sirinji. Yaron da ya ƙi nono ai ba a zuba masa ido. Ta tafasa ruwa ta bari ya huce, ta ɗan sa sukari da gishiri, ta matse gefen bakin dabbar har ya buɗe, ta ɗiga. Kwana uku tana yi. A na huɗu ta ji wani ɗan sauti in Madam ta ja numfashi, kamar ana taka busasshen ganye, ga kumfa a gefen baki. Wannan sautin ba sai an fassara mata ba.

Tela ne ya san wani likitan dabbobi a bayan kasuwa. Sista ta tafi da Madam a cikin kwali, a naɗe da tawul, a rungume. Likitan matashi ne, bai kai manyan 'ya'yanta ba, ya buɗe kwalin ya duba. Ya fara tambaya, ita kuma ta ba shi rahoto tsaf, har da littafin, don ita ba ta saba ɓoye wa likita komai ba. Yana karantawa yana shafa kai. Ya ce ruwa ya shiga huhu, wajen ɗurawa ne. Amma tun kafin ruwan, in ji shi, tsoro ne ya cinye ta. Dabbar nan a wurinta duk abin da ya kamo ta ta sama tsuntsu ne zai cinye ta, kuma an yi mata haka sau biyu a rana har kusan wata guda. Jikinta kuma dama ba ya yin ɗumi da kansa, fitilar ce ɗuminta, wadda aka raba ta da ita ana sa ta a tawul.

Sista ta ce amma tana riƙe mata yatsa.

"Mama, reshe take nema," in ji shi a hankali.

Ya yi wa Madam allura, ya ce bai yi alkawari ba. A mayar da keji inda yake, a cire bargo, a kunna fitila, a yi feshi, a fita daga ɗakin. Ya ce abin da ya rage a yi mata ke nan, a rabu da ita.

Wallahi da ya ce ta ba da jininta da ya fi mata sauƙi. Ta mayar da komai yadda Auta ta bari, ta ɗauki kujera ta kai bakin ƙofar kicin, inda take hango kejin daga nesa, ta zauna ta danne hannuwanta a ƙarƙashin cinyoyinta. Haka ta wuni biyu. Tana zaune tana tuna abubuwan da ba ta so. Ta tuna Auta tana 'yar shekara goma sha biyar, in an taɓa mata goshi sai ta tsaya cak ta rufe ido har a gama. Ita duk zamanin nan ta ɗauka daɗi yarinyar ke ji.

Rana ta uku da hantsi Madam ta sako reshe. Ba faɗuwa ta yi ba, zamewa ta yi a hankali har ƙasan kejin, ta kwanta a gefe, launinta ya koma fari-fari. Sista na kallo daga kujera. Duk jikinta na cewa tashi, ta ƙi tashi. Ta sha riƙe yara suna cikawa a hannunta, ba ta taɓa barin ko ɗaya ya tafi shi kaɗai a kan gado ba, ko na wane ne. Wannan ta bar ta. Kafin azahar an gama, saura kwana biyar Auta ta dawo.

Tela ya hawo da ya ji shiru ya yi yawa. Wannan karon bai yi zancen jika ba. Ya ce akwai masu sayar da irinta, a samo koriya mai girman nan, wa zai gane? Har ga Allah zuciyar Sista ta raya mata ta yarda. Sai ta girgiza kai. Ta ce Auta za ta gane tun daga bakin ƙofa, kuma ƙaryar da ta yi ta isa. Shi ya taimaka mata suka binne ta a gindin bishiyar bayan gida. Kiran Auta kuma ta daina ɗauka, sai ta tura saƙo cewa tana nan lafiya.

Duk da haka ta gyara ɗakin Auta. Ta wanke zanen gado ta goge, ta share, ta buɗe taga. Ta san babu amfani, amma hannun ba ya iya zama.

Ranar dawowar da la'asar ta ji makulli yana juyawa a ƙofa. Shekara uku tana jiran sautin nan. Auta ta shigo da akwati da wata babbar leda ta tsaraba, fuskarta a sake, tana cewa Mama wayarki kuma me ya same ta. Ba ta jira amsa ba ta nufi kusurwar falo. Kejin na nan a kan tebur, fitila a kunne, ganye a jiƙe, don Sista ba ta daina feshin ba. Auta ta duba sama, ta duba bayan ganye, ta duba ƙasa. Ta daɗe a tsaye ta ba uwarta baya.

"Yaushe?"

"Kwana biyar ke nan."

"Kin ɗauke ta?"

"Na ɗauka. Kullum. Na ji ta da sanyi ne, Auta."

Ta miƙa mata littafin, don kada ta rage komai. Auta ta buɗe, ta bi shafukan, awa guda a ƙirji, awa guda a ƙirji, sirinji, babu, babu. Ta ga kwanakin, ta san a cikinsu ne ake ce mata lafiya lau. Ba ta yi faɗa ba, ita dama ba mai faɗa ba ce. Kuka ne ya zo mata, irin mai girgiza kafaɗa ba sauti, tana tsaye a tsakiyar falo da littafi a hannu.

Taku uku ne tsakaninsu. A da, kafin hawayen farko ya sauka Sista ta riga ta rungume ta. Yanzu ta rasa abin yi. In ta matsa, abin da ya kashe dabbar ke nan. In ta tsaya, wace irin uwa ce 'yarta na kuka tana kallo? Shekara sittin da uku, ba ta taɓa jin hannuwanta sun zame mata kaya ba sai ranar. Idonta ya kai kan takardar bango, layi na tara. Sai ta ɗaga hannun dama a hankali, ta shimfiɗa tafin a buɗe, ƙasa-ƙasa, ta tsaya tana jira. Ta bar shi a haka.

Auta ta share fuska da bayan hannu. Ta kalli tafin nan, ta daɗe tana kallo, kuma Sista ta ga alamar ta gane. Ta tako ɗaya, ta tako biyu. Ta laluba aljihun jakarta, ta ciro makullin, ta ɗora shi a tsakiyar tafin, a hankali, ko fatar ba ta taɓa ba.

Ta ce za ta turo a ɗauki kejin. Ta ja akwatinta, ta bar ledar tsarabar a kan kujera. Sista ta ji tayoyin akwatin suna bugun matakala ɗaya bayan ɗaya, ta ji keken Tela ya tsaya, ta ji ya ce sannu da zuwa ba a amsa ba. Tana nan tsaye da hannu a shimfiɗe har makullin ya ɗauki ɗumin tafinta, sannan ta je ta mayar da shi kan ƙusa.